Daga Folda Zuwa Hannun Birkila: Yadda Ake Tsara Fayiloli da Shirya Zanen Gini a AutoCAD

An riga an haƙa fandisho, an zuba kankare, bulo ya hau layi uku, sai maigidan ya zo da tef ɗinsa ya auna zaure, ya ce ba haka aka yi da shi ba. Kuma gaskiyarsa ce. Makonni biyu kafin nan ya nemi a ƙara faɗin zauren da ƙafa biyu, mun kuma gyara. Amma takardar da ke hannun birkila daga wani fayil daban aka buga ta. A kwamfutar ofishin da nake aiki a lokacin akwai fayiloli huɗu jere da juna: fulan, fulan sabo, fulan na ƙarshe, fulan na ƙarshe 2. Yaron da aka aika bugowa ya ɗauki wanda ya ga an rubuta masa na ƙarshe, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Aka rushe bulo, aka sake haƙa, siminti da yashi da kuɗin leburori suka tafi a banza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zanen kansa ba shi da aibu ko ɗaya. Rashin tsari ne ya ja wa bawan Allah asara.

Tun daga ranar na daina ɗaukar tsara fayil a matsayin aikin da ake yi idan an samu sarari. Wanda zai karanta zanenka yana tsaye cikin rana, iska na kaɗa takardar, kai kuma ba ka kusa balle ya tambaye ka. Duk abin da zan faɗa a nan saboda wannan mutumin ne.

Zan ɗauki misalin da yawancinmu muka fi cin karo da shi: gida mai ɗaki uku, ba bene, a fuloti mai ƙafa 50 da 100. Da AutoCAD zan yi bayani, manhajar zane a kwamfuta da kamfanin Autodesk ya fitar tun 1982, domin ita ce ta cika ofisoshinmu da makarantunmu. Mai aiki da BricsCAD ko ZWCAD zai tarar yawancin umarnin sunansu ɗaya.

Kafin ka ja layi ko ɗaya

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka ba ka aiki, a ranar za ka ba shi lamba ka buɗe masa folda, tun ba ka buɗe AutoCAD ba. Ni shekara nake haɗawa da lambar jeri: 25-014 na nufin aiki na goma sha huɗu a 2025. Sai ɗan gajeren suna ya biyo baya. Kada ka dogara da sunan mai aiki kaɗai, don Alhaji ɗaya zai iya ba ka aiki uku, kuma Alhazai uku za su iya zama suna ɗaya.

A cikin foldar aikin nake buɗe waɗannan:

01_Shigowa
02_Aiki
03_Jingina
04_Fitarwa
05_Hotuna
06_Tsoho

Lambobin da ke gaba su ke sa kwamfuta ta jera su yadda kake so kullum. Shigowa ita ce gidan duk abin da wani ya ba ka: zanen safiyo, takardar fili, zanen injiniya, har hoton zanen biro da maigida ya turo ta WhatsApp. Kowane saƙo da foldarsa mai kwanan wata, kuma ba a taɓa abin da ke ciki. In za ka yi aiki da shi, kwafa shi ka kai wani wuri. Wata rana za a yi gardama a kan abin da safiyo ya turo, kuma asalin fayil ɗin ne kaɗai zai raba ta.

Aiki ita ce inda zanen da kake taɓawa yau yake zaune, kuma dokarta ɗaya ce: kowane zane fayil ɗaya tak. Babu sabo, babu na ƙarshe. In za ka yi babban sauyi kana tsoron a ce a dawo da na da, ka kwafa fayil ɗin zuwa Tsoho ka liƙa masa kwanan wata, sannan ka ci gaba da aiki a kan na ainihi. Fitarwa kuma akasin haka ce. Duk abin da ya bar hannunka zuwa wajen wani, ko hukuma ko ɗan kwangila ko maigida, kwafinsa na shiga can, daga nan ya daskare. Ba a gyara abin da aka riga aka fitar, sai dai a fitar da sabo.

Kwanan wata ka rubuta shi shekara, wata, rana, kamar 2025-03-09. Wannan shi ne tsarin ISO 8601, amfaninsa kuma a fili yake: fayiloli za su jeru da kansu daga na farko zuwa na baya. In ka fara da rana, 01 ga Disamba za ta hau kan 02 ga Janairu.

Sunan fayil ya ɗauki lambar aiki, harafin fanni, lambar zane da gajeren bayani, misali 25-014_A-101_Fulan-kasa. Harafin A na zanen gini ne, S na ƙarafa da ginshiƙai, E na wuta, M ko P na famfo da makamantansu. Jerin 100 na fulan, 200 na fuskokin gini, 300 na yanka, wato zanen da ke nuna cikin gini kamar an tsaga shi, 500 na ƙananan bayanai, 600 na jadawalin ƙofofi da tagogi. Manyan ayyuka suna bin tsarin ISO 19650 da ya fito a 2018, mai sunaye masu gaɓoɓi da yawa, amma gida mai ɗaki uku bai kai ga haka ba. Ka lura na rubuta kasa, ban rubuta ƙasa ba. Da gangan ne. Ina son haruffanmu masu lanƙwasa, amma a sunan fayil sukan rikiɗe su zama alamar tambaya ko wasu baƙaƙe idan fayil ya ratsa tsohuwar kwamfuta ko aka dunƙule shi a zip. Haka nan kada ka jera folda cikin folda har hawa goma, domin Windows kan fara ƙin buɗe fayil idan tsawon adireshinsa ya kai wajen haruffa 260.

Fayil ɗin tushe da batun awo

Kada ka fara sabon aiki ta hanyar buɗe tsohon aiki ka goge abin da ke ciki. Na san dabarar tana da sauri, amma da ita ake gadon shara: leyoyin wani, wato farantan da ake raba sassan zane a kansu, sunan wani maigida a ɓoye cikin akwatin bayani, saitin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba. Ka zauna yini guda ka gina fayil ɗin tushe mai ƙarewa da .dwt, ka zuba masa leyoyinka, salon rubutunka, salon awonka da shafukan bugawa. Ka ɗora shi a kan acadiso.dwt, wanda aka yi don milimita. Shi acad.dwt na inci ne, kuma in ka fara da shi za ka yi ta fama da layukan tsinke-tsinke da zanen cike, wato Hatch da ake cike fili da shi, masu fitowa ba daidai ba.

Batun awo a wurinmu yana buƙatar natsuwa, saboda harshe uku muke yi a aiki ɗaya. Maigida da dillali da ƙafa suke magana, mai bulo da inci, safiyo da mita. Kai kuma da milimita za ka zana, kuma komai a ainihin girmansa: bangon mita huɗu ka ja shi 4000. Ƙafa ɗaya 304.8 ce, don haka fuloti mai 50 da 100 ya zama 15240 da 30480. Bulo mai inci tara 225 ake zana shi, mai inci shida 150. Ka buga UNITS ka tabbatar an saita milimita, domin da wannan saitin manhajar ke sanin yadda za ta daidaita girman duk abin da ka shigo da shi daga wani fayil.

Sai dai kada ka yarda da 50 da 100 ɗin nan don an faɗa maka. Da wuya ka samu fuloti da ya cika cif, da wuya kuma kusurwoyinsa su zama a miƙe. Zanen safiyo shi ne madogara. Yana zuwa a mita, da lambobin wuri manya-manya, domin a UTM, tsarin lambobin wuri da masu safiyo ke bi, ana auna arewa ne tun daga layin ikwaita da ya raba duniya biyu, shi ya sa lambar Kano ta haura miliyan ɗaya. Kano da Kaduna suna yanki na 32, Sakkwato na 31, Maiduguri na 33. In ka zana gidanka a can nesa da tushen 0,0, sannan ka ninka komai sau 1000 don ya zama milimita, za ka fara ganin abubuwan mamaki: layuka na ƙin haɗuwa, zanen cike na wargajewa. Ka zana gidan kusa da 0,0, a miƙe. A fayil ɗin fulan fili ne kaɗai za ka haɗa shi da na safiyo. Kafin ka ci gaba, ka auna tazarar duwatsun iyaka biyu a kwamfuta ka gwada da abin da aka rubuta a takardar, in da hali kuma ka je filin da tef.

A nan ne kuma za ka tsayar da kibiyar arewa. Ni ina ƙara ta alƙibla a gefenta, domin ba sau ɗaya ba na ga an gama zane tsaf sannan maigida ya lura masai na fuskantar gabas. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 ne daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Juya masai a kwamfuta aikin minti biyu ne, amma bayan an binne bututu ya zama aikin fasa daɓe.

Leyoyi da kaurin layi

Leya kamar faranti ne na gilashi da aka ɗora a kan juna, kowanne da abin da aka zana masa. Bango da nasa, ƙofofi da nasu, tagogi, kayan ɗaki, rubutu, awo, layukan ginshiƙai. Gida irin namu leya goma sha biyar zuwa ashirin sun ishe shi. Sunayensu kuwa, a nan ina bin abin da aka saba a ko'ina, irin su A-WALL, A-DOOR da S-COLS, saboda injiniyan da zai karɓi fayil ɗin wataƙila ɗan Inugu ne ko Ibadan. Sunayen ɗakuna a kan takarda su ne wurin da nake sa Hausa idan masu aikin sun fi gane ta: zaure, falo, kicin, sito, tsakar gida. In za ka yi haka, ka gwada salon rubutun tukuna, domin tsofaffin haruffan SHX na AutoCAD ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba.

Launi da kauri da nau'in layi duk ka bar su a ByLayer, wato kowane abu ya bi leyarsa. Ranar da aka ce bango ya yi kauri da yawa, wuri ɗaya za ka taɓa. Kada ka yi zane a leya 0, an tanade ta ne don ƙera bulok, irin ƙofa ko masai da za a yi ta maimaitawa. Kada kuma ka ajiye komai a Defpoints. Abin da ke kanta yana bayyana a allo amma ba ya fita a takarda, kuma mutane da yawa sun gano haka ne bayan sun biya kuɗin bugu.

Kaurin layi shi ne muryar zane. Jerin da aka amince da shi a duniya shi ne 0.13, 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7 da 1.0 na milimita, zuwa sama. Abin da wuƙar yanka ta ratsa, kamar bango da fila, ka ba shi 0.5. Abin da ake hange ba a yanka ba, kamar matakala da kantar kicin, 0.25. Awo da zanen cike da tayil 0.18 ko 0.13. Abin da ke sama da kai, kamar bakin rufi, layin tsinke-tsinke. In ka riƙe takarda a nesa da tsawon hannu, bango ne ya kamata ya fara shiga idonka. Zanen da duk layukansa kauri ɗaya ne yana gajiyar da mai karatu, mai karatun da ya gaji kuwa zato yake komawa yi.

Jingina maimakon kwafi

Fulan ƙasa guda ɗaya ne, amma mai wuta na buƙatarsa, mai famfo na buƙatarsa, fulan rufi da na fili ma haka. In ka kwafa shi wuri biyar, ka ɗora wa kanka gyara biyar duk lokacin da ƙofa ta matsa, kuma tabbas wata rana za ka manta ɗaya. Maganin wannan shi ne XREF. Ka ajiye ainihin fulan a foldar Jingina, sauran fayiloli su jingina da shi. Ka gyara shi sau ɗaya, ko'ina ya gyaru.

Abu uku za ka kiyaye. Ka shigo da shi a 0,0,0 kullum, don komai ya hau kan juna daidai. Ka zaɓi Overlay sai in kana da dalilin zaɓar Attach, domin shi na biyun yana jan jinginarsa ya bi shi duk inda aka kai shi, har a wayi gari fulan ɗaya ya bayyana sau biyu. Sannan ka zaɓi adireshi na Relative, wanda ke neman fayil daga inda zanenka yake. Cikakken adireshi yana ɗauke da sunan kwamfutarka da faifanka, ranar da foldar ta koma wata na'ura sai a buɗe a tarar da fili fayau da ɗan rubutu mai cewa ba a ga fayil ba.

Shafin bugawa da sikeli

AutoCAD na da wuri biyu. A Model kake gina gidan a ainihin girmansa. A Layout kake shimfiɗa takarda, ka huda mata taga, ka leƙa gidan ta cikinta a sikelin da kake so. Har yanzu akwai masu zana akwatin takarda a cikin Model su yi ta kumbura shi har ya haɗiye gidan. Yana fita, amma ba wanda zai iya rantsuwa a kan sikelinsa.

Girman takardu na ISO 216 ne, a milimita: A0 841 da 1189, A1 594 da 841, A2 420 da 594, A3 297 da 420, A4 210 da 297. Ka bar gefe na 20 a hagu saboda ɗinki, 10 a sauran ɓangarori. Yanzu lissafa: fulotinmu a sikelin 1:100, wato milimita ɗaya a takarda na wakiltar 100 a fili, zai ci 152 da 305 a takarda, ya shiga A3 har da wurin awo. A 1:50 zai ci 305 da 610, sai A1. Fulan fili 1:200, fulan ƙasa da fuskoki da yanka 1:100 ko 1:50, bayanin fandisho da linta da bakin rufi 1:20 ko 1:10. Kada ka ƙirƙiro 1:75 ko 1:120 don kawai zane ya cika takarda. Da ka saita sikelin taga, ka kulle ta nan take, don juya linzami sau ɗaya a cikinta ya isa ya ɓata shi ba ka sani ba.

Akwai abin da ya kamata ka yi tunaninsa tun yanzu: a wace takarda za a karanta zanen nan a fili? Yawanci A3 ce, ko da a A1 ka shirya shi, domin ita ce mai araha kuma ita ke shiga jaka. A1 in aka rage ta zuwa A3 rabi take komawa, 1:50 ya zama 1:100, wannan da sauƙi. Amma rubutun da ka yi 2.5 zai koma 1.25, dattijon birkila ba zai iya karanta shi ba. A2 kuwa in ta koma A3, 1:100 zai zama wajen 1:141, sikelin da babu shi a kan kowace rula. Shi ya sa ƙananan gidaje nake shirya su a A3 kai tsaye. Rubutu da awo 2.5 a takarda, sunayen ɗakuna 3.5, kanun zane 5. Ka mai da salon rubutu da na awo Annotative, manhajar za ta riƙa daidaita tsayinsu da sikelin kowace taga. In ba ka yi haka ba, lissafin naka ne: 2.5 a 1:100 na nufin 250 a Model. Ka kuma sa ɗan ma'aunin sikeli mai zane a kowane shafi, domin shi yana raguwa tare da takardar.

Akwatin bayani yana ƙasa ta dama. Ya ɗauki sunan aiki da wurinsa, sunan mai shi, sunan zane, lambarsa, sikeli tare da girman takarda, kwanan wata, wanda ya zana, wanda ya duba, da jadawalin gyare-gyare. Ka bar fili na hatimi, domin hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suna neman zanen gini da hatimin mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, zanen ƙarafa kuma da na injiniya mai rajista da COREN, hukumar injiniyoyi. Ka je ofishin da ke kula da yankin filin ka karɓi jerin abin da suke buƙata da tazarar da za a bari daga titi da maƙwabta kafin ka tsayar da gidan a fuloti.

Awo

Birkila ba ya gina layi, lamba yake ginawa. A wajen fulan ka jera awo layi uku: na kusa da bango ya nuna ƙofofi da tagogi da tazararsu, na tsakiya ya nuna bango zuwa bango, na waje ya nuna tsawon ginin gaba ɗaya. Ka ɗauki kalkuleta ka tara ƙananan, dole su ba da babban. Ka rubuta a fili cewa awon na bulo ne kafin filasta, in ba haka ba ɗakin 3600 zai jawo musu tsakanin mai gini da mai tayil. A yanka ka nuna tsayi daga daɓen da aka gama: gindin taga a 900, linta a 2100, sai inda rufi zai zauna, da kuma yadda daɓen ya ɗara ƙasar waje, wanda a unguwannin da ruwa ke kwanciya da damina shi ne lambar da ta fi kowace muhimmanci.

Abu ɗaya nake roƙon ka da shi: kada ka taɓa goge lambar awo ka rubuta wata da hannu. An ce a mai da ɗaki 3900, kai kuma don sauri ka bar bangon a 3600 ka sauya rubutun kawai. Daga wannan lokacin zanen ya fara ƙarya. Injiniya zai auna daga layi, mai lissafin kaya zai ɗauka daga lamba, kowannensu da gidan da yake gani. Matsar da bangon. In ka gāji fayil da kake zargin an yi masa haka, zaɓi awon ka duba Properties, inda aka cusa lamba ka mayar da alamar <>, ainihin awon zai dawo.

Dubawa da fitarwa

Kafin bugu ka yi shara. PURGE na kwashe leyoyi da bulok da ba a amfani da su, AUDIT na gyara kurakuran cikin fayil, OVERKILL na cire layukan da suka hau kan juna. Sannan ka buga gwaji a takarda ka zauna da jan biro. Ido na ganin abin da allo ya ɓoye. Tagogin da ke fulan su ne a fuskar gini? Alamar yanka tana nuna shafin da yankan yake da gaske? Yawan ƙofofi a jadawali ya yi daidai da na fulan? Filolin injiniya sun faɗa cikin bango ko akwai wadda ta tsaya a tsakiyar taga? In akwai abokin aiki, ba shi ya duba, don wanda ya zana abin da yake nufi yake gani.

PDF za ka fitar, ta DWG To PDF, da monochrome.ctb don komai ya fito baƙi, sikelin bugu kuma 1:1 daga Layout. Sunansa ya ɗauki harafin gyara, kamar 25-014_A-101_B. A shagon bugu ka tsaya a kansu kada su zaɓi a cika takarda, kuma kafin ka biya ka ɗora rula: bangon 4000 a 1:100 dole ya zama milimita 40. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin takarda, domin hoto matse shi ake yi har lambobi su dushe.

Idan injiniya ya nemi DWG, wato ainihin fayil ɗin zanen AutoCAD, kada ka tura fayil ɗin shi kaɗai. ETRANSMIT zai tattara shi da jinginarsa da haruffansa da fayil ɗin kaurin layi a ƙunshi ɗaya. Ka tambaye shi shekarar manhajarsa. Tsarin DWG ya sauya a 2007, 2010, 2013 da 2018, kuma tsohuwar manhaja ba ta buɗe sabon tsari, sai ka adana masa a na baya. Shi ma in ya turo maka folda, ka leƙa ciki kafin ka buɗe zanen. In ka ga acad.lsp ko acaddoc.lsp ko acad.fas da ba ka san da zamansu ba, goge su, domin ta nan ƙwayoyin cutar AutoCAD ke yaɗuwa daga ofis zuwa ofis. Filashin da ke zuwa shagon bugu kuma ka ware shi daban, PDF kaɗai zai riƙa ɗauka.

Wuta, ajiya da gyara

Mun san halin wutarmu. AutoCAD na adanawa da kansa duk minti 10, kana iya rage shi da SAVETIME. In na'ura ta mutu ana tsakiyar aiki, DRAWINGRECOVERY zai nuna maka abin da ya tsira, fayil mai ƙarewa da .sv$ ko .bak kuma ana sauya masa ƙarshe zuwa .dwg a buɗe shi. Amma waɗannan ba ajiya ba ce. Na farkon yana gogewa da ka rufe zane lafiya, na biyun kuma adanawar da ta gabata kawai yake riƙewa, kuma duk a faifai ɗaya suke da zanen. Kwafi uku ake so: na kwamfuta, na faifan waje, da na intanet ko wani gini daban. Ni duk Alhamis kafin in tashi nake kwafa, kuma lokaci-lokaci nakan buɗe fayil daga faifan wajen in tabbatar yana buɗuwa.

Gyara kuwa dole ne zai zo, maigida zai ƙara ɗaki, hukuma za ta ce a ja baya. Ka gyara a foldar Aiki, ka kewaye wurin da REVCLOUD, umarnin da ke zana layi mai kama da gajimare, ka sa harafin gyaran a ɗan alwatika kusa da shi, ka rubuta a jadawali abin da ya sauya da ranar da wanda ya nema. A ya zama B, gajimaren A kuma a cire shi. Ka riƙe rajista, ko a Excel ko a littafi mai layi: wane zane, wane harafi, wa aka ba, yaushe, kwafi nawa.

Sannan ka ɗauki sabuwar takardar ka kai fili da ƙafarka. Ka nuna wa shugaban magina wurin da ya sauya, ka sa yatsa a kai. Ka karɓi tsohuwar daga hannunsa, ka tambayi kafinta da mai ɗaurin rodi ko suna da nasu kwafin a aljihu ko a waya, ka ja wa kowace layi biyu da jan biro ka rubuta an soke, ka koma da su ofis.